Labulen Sarƙa na Kashim Mai Walda

Kashim mai walda mutum ne mai fargaba, kuma ba zaginsa nake yi ba. In ya kulle shagonsa da ke bayan tashar Diffa, sai ya yi taku goma ya dawo ya girgiza kwaɗon. In ya yi maka waldar ƙyaure, bayan kwana uku za ka gan shi a ƙofar gidanka, wai wucewa yake yi, alhali idonsa na kan aikin. Shekara ashirin na san shi, ban taɓa jin ya yabi abin da hannunsa ya yi ba. Iyakar abin da yake cewa shi ne, "To, mu gani."

Ni sunana Sallau, mutumin Damagaram. Na zo Diffa ina tuƙa wani ma'aikacin gwamnati, shi aka mayar da shi yamma, ni na zauna. Yanzu ni ke tuƙa taraktar wata ƙungiyar manoman tattasai a ƙasar Shetimari. Ina da saurin fushi, ina da saurin baki, kowa ya sani. Abin da zan faɗa nan rabinsa laifina ne, kuma ina faɗa ne don na san matan Shetimari ba za su ga wannan takarda ba.

Kashim yana ƙarami iyayensu suka rasu. Yayarsa, Ya Kaltumi, ita ta goya shi, ita ta yi masa kaciya, ita ta riƙo hannunsa ta kawo shi Diffa wurin wani mai gyaran babur ta ce a koya masa. Ya koya kuwa. Akwai lokacin da ƴan kabu-kabu ke yin layi a ƙofar shagonsa tun kafin ya buɗe. Sai shekarun tashin hankali suka zo, aka hana hawan babur, sana'arsa ta mutu rana ɗaya. Abokan aikinsa wasu suka yi Damagaram, wasu suka tsallaka Nijeriya, wasu suka koma zaman gindin bishiya. Shi ya samo tsohon injin walda, ya fara koyo yana da shekara arba'in. Watan farko kullum idonsa a kumbure, matarsa Zahra'u tana ɗiga masa madara tana yi masa faɗa. Amma kayan babur ɗin nan bai zubar da ko noti ɗaya ba. Buhu-buhu suke jibge a bayan shagon, ƙura ta rufe su.

A shekarun nan aka bar gonakin bakin kogi. Wasu shekara biyar, wasu bakwai, ba wanda ya sa musu fartanya. Da aka yarda mutane su koma, sai aka tarar ciyawa ta kai kafaɗa, ƙananan ƙayoyi sun yi ƙarfi. Adda ba za ta gama da su ba kafin kogi ya iso, kuma in kogin Komadugu ya kawo ruwa ba ka gyara gonarka ba, tattasan shekarar ya wuce ka. Shi ya sa ƙungiya ta samo injin yankan ciyawa da ake ɗaura wa tarakta a baya. Akwatin ƙarfe ne faffaɗa a kife, ƙarƙashinsa wuƙaƙe biyu masu kauri suna juyawa da gudun da ido ba ya kamawa. Mu fanka muke ce masa.

Fankar ta zo da murfinta, wani fallen ƙarfe da ke rufe bakinta na baya. Kwana biyu na yi da shi na gaji. Ciyawa yake tarawa ya toshe, in sauka in zaƙulo, in hau, in sake sauka, ga zafin bazara. Wanda ya kawo injin daga yamma ya ce min murfin saboda duwatsu ne, kada wuƙa ta harbo su. Dariya na yi masa. Wane dutse a kwarin Komadugu? Ka yini kana tafiya ba za ka samu wanda za ka jefi akuya da shi ba, daga laka sai rairayi. Na kwance noti shida, na ba wani mai shayi fallen ya tare iska da shi.

To akwai mata. A al'adar wurin, ciyawar da aka sare a gonar da ake sharewa ba ta mai gona ba ce, ta wadda ta fara ɗora mata hannu ce. A ƙarshen bazara kuwa, lokacin da dabbobi ke cin kwali don yunwa, damin ciyawa ba abin wasa ba ne. Saboda haka duk inda na shiga da fanka, mata na biye da ni da daro da igiya, kamar taku ashirin a bayana. Ya Kaltumi ce kullum a gaba. Ta haura sittin, tana da raguna huɗu a turke, kuma ba macen da ta isa ta riga ta.

Wata Lahadi da hantsi na ji wata muguwar ƙara a ƙarƙashin fankar. Na waiwaya na ga daron da ke kan Ya Kaltumi yana gangarawa a ƙasa, ita tana tsaye tana gyara ɗankwali. Ban ga jini ba. Na ce alhamdu lillahi a raina, na ci gaba da aiki, ban gaya wa kowa ba. Wannan shi ne laifina na biyu.

Ranar Talata, ranar kasuwar Diffa, ina zaune a shagon Kashim muna shan shayi sai ga ta da daron a hamata.

"Auta, ka liƙe min wannan," ta ce, don haka take kiransa har yau da furfura ta fito masa. "Ga ƙarfen da ya huda shi ma na tsinto maka, ko zai yi maka amfani."

Kashim ya ɗaga daron ya duba. Huda biyu ce, inda abin ya shiga da inda ya fita, kowace dunƙulen hannu zai wuce. Ya karɓi ƙarfen ya juya shi a tafinsa.

"Wannan fistin ne na injin ban-ruwa," ya ce. "Ya Kaltumi, daron yana ina lokacin?"

"A kaina mana. Ina kake so ya kasance?"

Ya auna daga gindin daron zuwa hudar da yatsunsa. Yatsa huɗu ne. Ya sake aunawa, kamar zai samu ƙari. Ita ma ta ga abin da yake aunawa, sai ta yi tsaki ta ce ita za ta shiga kasuwa, ya gama kafin ta dawo.

Tana fita ya juyo gare ni. "Ina murfin fankar, Sallau?"

Sai na hau shi da faɗa, yadda mai laifi ke yi. Na ce ina na san akwai fistin a cikin ciyawa, ni na binne shi? Ƙasar da ba dutse, wa zai yi tunanin ƙarfe?

"Don ba dutse ɗin ne ake sa ƙarfe," ya ce a hankali. "Da me kake so mutum ya yi alamar iyakar gonarsa? Kowace kusurwa akwai abin da aka kafa. Tsohuwar fartanya, fistin, guntun sifirin mota. Ubanmu ma ƙarfen keke ya sa. Da can kowa na ganin nasa yana kewaye shi. Yanzu shekara bakwai ciyawa ta rufe su, masu gonakin wasu sun mutu."

Gona wajen tamanin suka rage min, kowace da kusurwa huɗu.

Muka je wurin mai shayi, muka tarar ya yanyanka fallen ya yi murhu. Daga nan muka wuce Shetimari wurin perzidan ɗin ƙungiya, wato shugabanta, Malam Alkali. Kashim ya ce a tsayar da fanka. Alkali ya ce an yi masa waya ruwa ya wuce Gashuwa, wa zai tsayar da aiki yanzu? Kashim ya ajiye masa daron a gabansa. Alkali ya daɗe yana kallon hudar, don matarsa Maryam ma tana cikin masu bin tarakta. Ya ce ya ba mu kwana uku, ko awa ɗaya ba ƙari.

Ni a ganina a yanko wani falle a liƙa, shi ke nan. Kashim ya ce a'a.

"Zai toshe, ka gaji, ka sake kwancewa. Na san ka."

Ban ji daɗin maganar ba, amma gaskiya ce. Ya ce abin da ake so shi ne abin da zai bar ciyawa ta wuce amma ya tare ƙarfe. Ya zauna a kan benci ya yi tagumi kusan rabin awa, ni ina ta zirga-zirga ina kallon rana. Can ya tashi ya shiga bayan shago ya jawo buhu ya zazzage. Sarƙoƙin babur ne, sun yi tsatsa sun sandare, na mutanen da yawancinsu ba su ƙasar ma yanzu.

Ranar muka jiƙa su a gazuwal, man da tarakta ke sha, muka yi ta bugunsu da guduma har gaɓoɓin suka saki. Ya yanko ƙarfen tsohon gado daidai faɗin bakin fankar, ya hudhuda shi. Ya yayyanka sarƙa gunduwa-gunduwa, kowace taƙi ɗaya da yatsa uku, ya jera su kusa da kusa suna reto, ya zura dogon ƙarfe ya riƙe kawunansu. Ya nuna min cewa sarƙar babur gaba da baya kaɗai take lanƙwasa, ba ta yin gefe, don haka ciyawa za ta ture ta ta fice, amma ba za ta buɗe wa ƙarfe hanya ba. Na ce madalla, a ɗaura mu tafi. Ya kalle ni kamar na ce a ɗaura wa mahaukaci bindiga.

"Sai an gwada."

Washegari muka fita wani fili a arewacin gari. Sai da muka tsaya a shingen sojoji muka yi musu bayani, don a Diffa ba a yin irin wannan ƙara ba sanarwa. Kashim ya kafa zana huɗu a jere, ya warwatsa fistin da noti da bakin fartanya a cikin busasshiyar ciyawa, taku biyar daga zanar. Ya ɗaura min wani ƙarfe a bayan kujera don ya kare ni, ya sake duba ɗaurin sau uku, sannan ya koma nesa ya ɗaga hannu.

Na bi ta kansu. Ƙarar sai ka ce ana rushe rumfar kwano. Da na kashe inji muka je wurin zanar, huda shida muka ƙirga. Biyar ƙanana ne, notin da suka bi ta tsakanin sarƙoƙi. Ta shidan doguwa ce, a tsaye, daidai ƙirjin mutum. Kashim ya zagaya bayan zanar ya yi ta dubawa har ya tsinto abin da ya yi ta. Guntuwar sarƙarsa ce. Ta yi tsawo, ta yi lilo ta ciki, wuƙa ta kama ta ta tsinke ta ta harba.

Sai ya zauna daɓas a kan rairayi mai zafi.

"Da hannuna na ƙera mata harsashi, Sallau," ya ce. "Da jiya ka tafi da shi fa?"

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma tsoron kaina nake ji, don ni na ce a ɗaura mu tafi. Na kama hannunsa na tashe shi na ce saura kwana ɗaya da rabi, zama ba namu ba ne.

Ya rage wa kowace sarƙa gaɓa biyu. Ya ɗaga fankar, ya shiga ƙarƙashinta, ya tura sarƙoƙin ɗaya bayan ɗaya zuwa ciki yana juya wuƙar da hannu, ya tabbata ba wadda ke kaiwa. Ya ƙara layi na biyu a bayan na farko, kowace sarƙa tana rufe tsagar da ke gabanta. A bayansu kuma ya rataya faffaɗar robar tayar babbar mota. Zahra'u ta aiko da abinci, ya huce a kwano bai buɗe ba. Rana ta uku muka koma filin da sabuwar zana. Sau goma sha biyu na bi ta kan ƙarafan nan, har wuƙaƙen suka yi giɓi, zanar ko ƙwarzane babu. Na diro ina murna ina dukan kafaɗarsa.

"To, mu gani," ya ce.

Ranar Asabar muka koma gona, Kashim ya rufe shago ya biyo ni. Mata suka kewaye fankar suna taɓa sarƙoƙin. Maryam matar Alkali ta ce kai, Kashim ya yi wa amarya labule, aka yi dariya, sunan ya bi shi. Ya Kaltumi tana tsaye hannu a ƙugu, fuskarta kamar ranar da aka yi wa ɗanta aure.

"Ƙanena ne ya yi shi," take gaya wa duk wadda ta zo. "Kwana uku bai ci abinci ba."

Na tayar da inji na shiga ciyawa. Labulen ya yi aiki yadda ake so, ciyawa na fita ba toshewa. Na yi rabin layi na waiwaya. Matan da ke bina taku ashirin yanzu ba su fi taku biyar ba, Ya Kaltumi kuwa ta kusa taɓa robar da hannu. Na yi ihu, ƙarar inji ta cinye muryata. Na taka birki.

"Tuƙa mana, direba," ta ce. "Me ya faru?"

Kashim ya iso a guje yana haki. "Ya Kaltumi, don Allah ki ja baya. Ki koma inda kike da, ki ƙara ma."

"Ba ka gyara ba ne?"

"Na gyara. Amma ƙarfe ne, ba a rantsuwa a kansa. Abin da na gwada fistin ne da noti. Ban san abin da ke cikin ciyawar nan ba."

Ta matso kusa da shi ta rage murya, amma na ji. "Auta, matan nan duk ni suke kallo. In na ja baya za su ce ni ma ban yarda da aikin ƙanena ba. Ni ba zan kunyata ka ba."

Ka ji fa. Da can ciyawa ce ke kawo ta kusa, yanzu ƙauna ce, kuma wannan ba ta jin magana. Kashim ya roƙi Alkali ya hana mata shiga gona sai an gama. Alkali ya ce shi perzidan ɗin ƙungiya ne, ba shi ya kafa al'adar ba, in ya buɗe baki a gidansa ma ba zai ci tuwo ba. Muka ɗaura doguwar igiya a bayan fankar da tsumma a ƙarshenta, muka ce kada kowa ya wuce tsumman. Kafin azahar wata ta kwance igiyar ta ɗaure daminta da ita. Na yi zagi, na yi barazanar ajiye aiki, suka jira na gama suka ce to tuƙa.

Kwana biyu muka yi haka. Wuyana ya ƙage don waiwaye. Duk ƙaramar ƙara sai in juya ina neman jan ɗankwalinta. Kashim ya nemo wani dattijo, Malam Tsoho, wanda ya san gonakin tun yana yaro, suka riƙa shiga gabana da sandar ƙarfe suna caka ƙasa a kusurwoyi. Ƙarfe goma sha ɗaya suka tono. Amma Tsoho ya gaya masa gaskiya: gonakin nan an raba su gado sau biyu sau uku, tsohuwar iyaka tana iya kasancewa a tsakiyar gonar yau, ba mai rai da ya san su duka.

Rana ta uku da sassafe, kafin mutane su taru, na tarar da Kashim durƙushe a bayan fankar da filaya a hannu. Na tambaye shi me ya lalace, ya ce ba komai. Idonsa ya faɗa, leɓensa ya bushe.

Da mata suka taru da darukansu, ga masu gonaki, ga Alkali, na kai hannu zan tayar da inji, sai Kashim ya ce in dakata. Mutumin da ko a ɗaurin aure ba a jin muryarsa, ya tsaya a tsakiyar fili ya ɗaga murya.

"Jama'a, ku saurare ni, kada in ɗauki alhakinku. Aikin nan da na yi bai yi ba. Waldar ba ta kama ba. Kun san ni gyaran babur na koya, walda da girmana na tsince ta. Sarƙoƙin nan kuma shekara da shekaru suna cikin buhu, tsatsa ta cinye su. Ku duba."

Ya sunkuya ya kama sarƙa ɗaya ya fizga, ta taho a hannunsa kamar an tsinke zare. Ita ce wadda na gan shi yana taɓawa da filaya. Ya ɗaga ta sama kowa ya gani.

"Yanzu abin ya fi da haɗari, don sarƙar kanta tana iya tashi. Wanda ya matso, ruwansa."

Na buɗe baki zan ce ƙarya yake yi, ni na ga gwajin da idona, sai ya kalle ni. Na rufe bakina, kuma ban san ranar da abu ya taɓa yi min wuya haka ba.

Maryam ce ta fara magana, ta ce ashe labulen na ado ne. Wata ta yi dariya. Ya Kaltumi ba ta yi dariya ba. Ta zo har gabansa.

"A gaban mutane, Kashim?" ta ce. Ba ta ce Auta ba. "Kwana uku ina yawo da sunanka a bakina. Ba za ka iya jawo ni gefe ka gaya min ba?"

Bai ɗago kai ba. Ta ɗauki daronta ta ratsa matan ta koma can bayansu duka, don kada ta haɗa ido da kowa. Ranar da na waiwaya, mace mafi kusa da ni ta fi taku talatin, kuma haka suka tsaya har aka gama aikin bana.

Alkali ya ce tunda abin banza ne a kwance shi. Na ce duk wanda ya taɓa labulen nan ya nemi wani direban, ni ƙararsa ce ke min daɗi. Ya ce dama an ce mutanen Damagaram taurin kai gare su, ya ƙyale ni. Amma magana ta riga ta shiga kasuwa. Mutanen Shetimari da ke kawo wa Kashim injin ban-ruwa da amalanke suka koma wurin wani Ɗahiru a bakin kasuwa. Talata biyu Ya Kaltumi ta shigo Diffa ba ta bi ta shagon ba. Zahra'u ta tare ni a hanya ta ce ni na jawo wa mijinta wannan, na ce haka ne, ban yi musu ba.

Gona ta ƙarshe tana dab da gaɓar kogi, ranar Litinin, ana cewa ruwa zai iso gobe ko jibi. Saura layi biyu in gama sai na ji bugu, wanda ya fi duk na baya. Taraktar kanta sai da ta girgiza, inji ya mutu. Na kasa waiwayawa. Na zauna riƙe da sitiyari ina sauraron ko zan ji kuka. Ban ji komai ba sai muryar wata daga nesa tana tambaya ko mai ne ya ƙare.

Na sauka na duba bayan fankar. Rabin sifirin babbar mota ne, tsawon kamu guda, bakinsa a karye da kaifi. Ya lanƙwasa sarƙa huɗu na layin farko, ya ture na biyu, ya tsaga robar har hancinsa ya leƙo waje, a nan ya tsaya. Na zaro shi da ƙyar, yana da zafi. Na dubi inda ya nufa. Ba kowa a wurin sai ciyawa, amma ranar Asabar ɗin farko na san wadda ke tsaye daidai nan.

Na cusa shi ƙarƙashin kujera na gama layi biyun. Da la'asar na shiga Diffa, na tarar da Kashim shi kaɗai a shago yana gyara wata tsohuwar kujera. Na dangwarar masa da ƙarfen a kan tebur.

"Labulenka ya tare wannan," na ce. "Gobe Talata. Wallahi a tsakiyar kasuwa zan ɗaga shi, in kira Alkali da Maryam da duk mai bakin da ya yi dariya, su zo su ga aikin da suka ce na ado ne."

Ya ɗauki ƙarfen da hannu biyu, ya gwada nauyinsa, ya shafa bakin da yatsa.

"Ya Kaltumi tana ina lokacin?"

"Can baya. Ita ce ta ƙarshe."

"Taku nawa?"

"Ya fi talatin. Ya kusa arba'in ma."

Ya sauke numfashi, ya jingina da bango ya rufe ido. Sannan ya tambaye ni gonaki nawa suka rage a gabas waɗanda ba a share ba. Na ce sun kai ɗari, sai baɗi in Allah ya kai mu.

"In ka nuna musu, baɗi taku biyar za ta dawo," ya ce.

"Kashim, fushi take yi da kai. Matar da ta goya ka ba ta gaishe ka. Mutane na cewa ba ka iya aiki ba."

"Ai da ranta take fushin."

Ya sunkuya ya tura ƙarfen can ƙarƙashin tarin tarkace, ya jawo buhu ya rufe. Na juya ina kallon titi.

"Ka kawo fankar ranar Laraba da sassafe," ya ce, "kafin mutanen Shetimari su shigo gari. In sauya sarƙoƙin huɗun nan ba wanda ya gani."